Yadda ake sauya wa shukar akwatin kifi wuri bayan ta kafu

Echinodorus, wadda masu sayar da kifin ado suke kira takobin Amazon, ƙarama take zuwa hannun mai saye: ganye biyar ko shida, tsawonta bai wuce tafin hannu ba. Ganin haka sai a dasa ta a gaba, dab da gilashi. Kafin shekara ta zagayo ganyenta ya kai santimita 40 ko 50, ya tokare saman ruwa, ya tare kallo, ya kuma yi wa ƙananan shuke-shuken da ke gindinta inuwa har sun fara ramewa. Daga nan tunanin mayar da ita bayan akwati yake zuwa. Aikin mai yiwuwa ne, shukar kuma za ta rayu. Amma wanda ya zura hannu ya fizgo ta da ƙarfi yana iya yin asarar shukar, ya dagula ruwan, wani lokacin ma ya wayi gari kifi sun mutu.

Abin da ido ke gani rabin shukar ne kawai. Ka duba gefen gilashi daidai inda yashi ya kwanta, za ka ga fararen saiwoyi sun bi ko'ina. A akwati mai tsawon santimita 60, Echinodorus guda ɗaya da ta shekara tana iya kai saiwarta kowace kusurwa, ta ratsa ƙarƙashin duwatsu, ta sarƙe da saiwar maƙwabtanta. A tsakanin saiwoyin nan akwai dattin watanni: kashin kifi, ragowar abinci, ruɓaɓɓen ganye, da ƙwayoyin takin da aka cusa a baya. Muddin suna binne ba su da illa, abincin shukar ne ma. Da zarar sun taso cikin ruwa, sai su koma amoniya, guba mai ƙona gaɓar da kifi ke numfashi da ita, su kuma ciyar da gansakuka. Saboda haka duk bayanin da zai biyo baya a kan abu ɗaya ya tsaya: ka yanke saiwa a inda take, ka fito da kaɗan, ka bar ƙasan akwatin a kwance gwargwadon iko.

Kafin ka jiƙa hannu

Ka fara tambayar kanka ko tashin ya zama dole. Idan inuwa ce kaɗai damuwarka, sau da yawa yanke manyan ganyen waje guda huɗu ko biyar ya wadatar, ko kuma ka kwashe ƙananan shuke-shuken da ke ƙarƙashinta, su da ba su da zurfin saiwa. Babbar shuka mai lafiya ba ƙaramin aiki take yi wa akwati ba: tana shan amoniya, tana kuma tura iskar oksijin daga ganye zuwa saiwa ta cikin ramukan da ke jikinta, abin da ke hana ƙasan akwatin ruɓewa. Ranar da ka tayar da ita, wannan aikin zai tsaya na tsawon makonni.

Idan tashin ya zama dole, to ka zaɓi sabon wurin da natsuwa, don sau ɗaya ya kamata a yi. Shukar da aka tayar yau, aka sake tayarwa bayan kwana goma saboda wurin bai yi kyau ba, ita ce ke mutuwa, domin sabbin saiwoyin da ta fitar da ɗan abincin da ta adana su ne za a sake tsinkewa. Shawarata ita ce ka soka dogon tsinke a inda kake so, ka yi kwana biyu ko uku kana kallonsa daga inda ka saba zama. Ka duba ko hasken fitila yana sauka a wurin. Ka tabbatar zurfin yashi ko tsakuwa ya kai santimita 6 zuwa 8. In bai kai ba, ka ƙara wankakken yashi tun kafin ranar. Ka bar tazarar aƙalla santimita 8 tsakaninta da gilashi, kada kuma ta tsaya a bakin inda filta, wato na'urar tace ruwa, ke feso ruwa ko inda take zuƙa. Sannan ka auna wurin da girman da shukar za ta koma nan da wata shida, ba girmanta bayan ka yi mata aski ba.

Zaɓen rana ma yana da nasa muhimmanci, musamman a wajenmu. Bayan an gama aikin, dole filta ta kwana tana aiki, don ita ce za ta kwashe ƙurar da ta tashi, ƙwayoyin bakteriyar da ke cikinta kuma su cinye amoniyar. Idan ba ka da tabbacin wuta a daren, ko ta sola ko ta inbata, ko aƙalla ɗan famfon iska mai batir, ka ɗage aikin. A watannin bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, ruwan akwati a ɗaki yakan haura digiri 30. Ruwa mai zafi ba ya riƙe oksijin da yawa: a digiri 20 lita guda tana ɗaukar kusan miligiram 9, a digiri 30 kuwa kusan 7.5 ne. Gubar amoniya ita ma ƙaruwa take yi da zafi, haka nan a ruwa mai zartsi wanda pH ɗinsa, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, ya haura 7.5. Don haka a lokacin zafi da sassafe ake wannan aiki. Kada ka haɗa shi da ranar wanke filta, kada ka yi shi alhali kifi na jinya, kada kuma ka yi shi a akwatin da bai cika wata biyu da kafawa ba.

Tun daren jajibiri ka ɗebi ruwan canji, kusan rabin abin da akwatin ke ci, ka ajiye a ɗakin da akwatin yake don ɗuminsu ya zo ɗaya. Ruwan tankin saman gini da rana ƙuna yake yi, da asubar hunturu kuma sanyi ƙarara. Bambancin da ya wuce digiri 2 yana gigita kifi. Idan ruwan famfo ne, ka sa maganin kashe kulorin. Barin ruwa a buɗe ya kwana yana korar kulorin zalla, amma ba ya korar kuloramin, haɗin kulorin da amoniya da wasu gidajen ruwa ke amfani da shi, don haka maganin ya fi tabbas. Ranar aikin kada ka ba kifi abinci.

Kayan aikin ba su da yawa: almakashi mai kaifi, in mai dogon hannu ne ya fi, tiyon zuƙar ruwa, bokiti biyu, faffaɗar roba da za a kwantar da shukar a ciki, tsumma mai tsabta, ƙananan duwatsu uku ko huɗu, ƙwayar taki ta binnewa, da ɗan wankakken yashi na cike rami. Bokitin da ya taɓa ganin omo ko sabulu ba na wannan aikin ba ne. Hannunka ma ka wanke shi har gwiwa da ruwa zalla, ka cuɗa sosai, musamman da hunturu da kowa ke shafa mai. Idan an fesa maganin sauro a ɗakin, ka jira sai iska ta gama fitar da shi kafin ka buɗe murfin akwati, don wannan maganin guba ne mai tsanani ga kifi.

Tayar da shukar

Ka kashe hita idan kana da ita, ka ba ta minti 15 ta huce, domin idan ruwa ya sauka ya bar ta a fili da zafinta gilashinta na iya fashewa. Ka kashe filta, in ba haka ba za ta watsa ƙura ko'ina. Sai ka zuƙe kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, tun yana da tsabta, ka zuba wani a robar nan. Daga lokacin da ka kashe filta ka sa ido a agogo: kada ta wuce awa ɗaya a kashe, don bakteriyar da ke cikinta da iskar ruwa mai gudana suke rayuwa.

Kifin fa? A ganina a bar su a ciki. Bin su da koma a tsakanin ganye ya fi wahalar da su a kan 'yar ƙurar da za ta tashi. Sai dai idan akwatin ƙarami ne, bai kai lita 40 ba, ko akwai jatan lande a ciki, ko shukar ta mamaye fiye da rabin ƙasan. A nan gara a kwashe su zuwa bokiti mai ruwan akwatin, a sa musu famfon iska, a rufe don kada su yi tsalle.

Aski ne farko, tun shukar tana tsaye da gindinta. Ka yanke ganyen waje, tsofaffi da masu huji da waɗanda gansakuka ta hau, kusan kashi ɗaya cikin uku na duka ganyen, kana yankewa daga can tushe. Saiwar da za ta rage ba za ta iya ciyar da duka ganyen ba. In ka bar su, shukar da kanta za ta zubar da su, su ruɓe maka a ruwa. Ganyen tsakiya, sabbi masu laushi, kada almakashi ya taɓa su.

Yanzu sai babban aikin. Ka auna santimita 5 ko 6 daga gindin shukar, ka soka almakashi a tsaye cikin yashi har ya kusa taɓa gilashin ƙasa, ka datsa. Ka zaro shi a hankali, ka matsa gaba kaɗan, ka sake sokawa, haka har ka zagaye shukar. Za ka ji saiwoyin suna tsinkewa a hannunka. Kada ka yi gaggawa, kada kuma ka juya almakashin a cikin yashi. Idan shukar tana kusa da kusurwa, ka kiyaye gam ɗin da ya haɗa gilasan, don yanka ɗaya a jikinsa yana iya zama yoyo daga baya. In ka gama zagaye ɗaya, ka sake na biyu, domin a na farko ba a rasa saiwar da ta tsira.

Sai ɗagawa. A nan mutum biyu sun fi ɗaya: wani ya riƙe bakin tiyo dab da gindin shukar yana zuƙe duk abin da ya taso, kai kuma ka zura yatsu ƙarƙashin gindin, ba ka kama ganye ba. Ɗaya hannun ka shimfiɗa shi a kan yashin da ke kewaye, kana danne shi. Ka girgiza shukar kaɗan hagu da dama don yashi ya zube daga tsakanin saiwoyi ya koma ramin, ka ɗaga santimita ɗaya, ka tsaya, ƙura ta bi tiyo, ka sake ɗagawa. Idan ka ji ta turje, ko ka ga yashi yana motsi a wani wuri mai nisa, ko wata shuka ta karkata, to akwai saiwar da ba ta yanku ba. Kada ka ja. Ka bi ta da yatsa, ka datse ta, sannan ka ci gaba. Fitar da babbar shuka ta wannan hanya yana iya cin minti biyar ko fiye, kuma mintocin nan su ne suka fi komai daraja a aikin gaba ɗaya.

Wani lokaci kumfa kan taso daga ramin, ka ji wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan iskar haidirojin salfaid ce, da ke taruwa a inda yashi ya danƙare iska ba ta shiga. In ka ji ta, ka dakata, ka sa tiyo a bakin ramin sosai, ka kori kifi zuwa ɗaya gefen, ka kunna famfon iska. Tana gushewa da sauri a ruwa mai wadatar oksijin, amma ba a so ta fito da yawa lokaci guda.

Da shukar ta fita, ka kwantar da ita a robar ruwa, ka rufa mata jiƙaƙƙen tsumma, ka koma ga ramin. Duk ƙwayar takin da ta fito fili ka zuƙe ta ko ka tsince ta. Guda ɗaya da aka bari a sarari tana iya kawo koren ruwa. Sai ka cike ramin da wankakken yashi. Dogayen saiwoyin da suka rage a binne kuwa, mutane da yawa hankalinsu ba ya kwanciya da su, sai su yi ta jawo su, su tayar da ƙasan da aka sha wahalar kiyayewa. Ka bar su. Sirara za su ruɓe sannu a hankali su zama taki ga maƙwabta. Masu kauri da bakinsu ya leƙo, kana iya zaro ɗaya ko biyu duk ranar canjin ruwa, tiyo na kusa.

Gyaran saiwa da dasawa

Ganyen da ya girma a cikin ruwa ba shi da kaurin fatar da ke tare bushewa, don haka iskar fanka ko ta hunturu tana iya lalata shi cikin 'yan mintoci. Duk abin da za ka yi, ka yi shi shukar tana cikin robar. Ka ɗauraye gindin a hankali, ka duba saiwoyin ɗaya bayan ɗaya. Fara mai ƙwari tana da rai. Wadda ta yi ja-ja kamar tsatsa amma tana da ƙwari ita ma lafiyarta ƙalau, ƙarfen da ke cikin ƙasa ne ya kwanta mata. Baƙa mai laushi, ko ruwan ƙasa da in ka matsa sai ka ji fanko, ta mutu, ka yanke ta daga tushe. Sauran ka daidaita su zuwa santimita 4 ko 5. Yanka mai tsabta yana warkewa ya fitar da rassa; doguwar saiwa da aka cukuikuye a rami kuwa karyewa take yi ta ruɓe. Idan ka tarar gindin ya rabu biyu, kowane da ganyensa da saiwarsa, wannan ne lokacin raba su da reza mai tsabta.

A sabon wurin, ka haɗa saiwoyin a tsakanin yatsunka, bakinsu yana kallon ƙasa, ka nutsa hannun cikin yashi da shukar gaba ɗaya, ka kai ta zurfin da ya ɗan wuce yadda ya kamata. Ka zare yatsun a hankali, ka tura yashi ya rufe. Sannan ka kama gindin ka ɗago shi kaɗan-kaɗan har wuyan shukar ya bayyana. Wannan ɗagowar tana miƙar da saiwoyin da suka lanƙwashe. Wuyan shi ne farin wurin da ganye suka haɗu, inda saiwa ta fara, kuma daga tsakiyarsa sabon ganye ke fitowa. Dole ya zauna daidai saman yashi. In ka binne shi zai ruɓe, in ka bar saiwa a waje kifi za su yi ta tsattsagarta.

Babbar shuka mai gajeriyar saiwa tana son tasowa sama, saboda iskar da ke cikin ganyenta. Ka jera duwatsun nan a kewayen gindin, a kan saiwa, ba a kan wuya ba, su zauna har sai ta kama. Idan kana da kifi masu tono, irin su kifin zinariya ko dangin karfasa, ka ƙara yawan duwatsun, ka zaɓi waɗanda ba za su iya turewa ba. Echinodorus ta saiwa take cin yawancin abincinta, don haka a yashi ko tsakuwa zalla ka cusa ƙwayar taki ɗaya ko biyu, santimita 5 daga gindin, can ƙasa kusa da gilashi. Sabuwar saiwa za ta je ta same ta. A akwatin da aka shimfiɗa wa ƙasar shuka ta musamman, irin ADA Amazonia, ba sai ka ƙara komai yanzu ba. Ita wannan ƙasa da ma tana iya sakin amoniya idan an tona ta, kuma tsohuwarta tana marmashewa ta zama laka, saboda haka a cikinta sai an ninka taka-tsantsan.

Ka ba ruwan minti 15 ya kwanta. Sai ka bi da tiyo ka zuƙe ƙurar da ta sauka a kan yashi da duwatsu, ka kaɗa ganyen sauran shuke-shuke da hannu don ta sauka daga kansu, har jimillar ruwan da ka fitar ta kai kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. Ka ɗora faranti ko leda a kan yashi, ka zuba sabon ruwan a kansa sannu-sannu. Ka kunna filta, sannan hita. In akwai wuri a filtar, ka sa audugar tace ruwa ta kwana tana kama ƙura, washegari ka jefar da ita. Soson filtar kuwa ka bar shi sai bayan mako guda, kuma in za ka wanke, da ruwan akwati za ka wanke.

Ba duk shuka ake yi wa haka ba

Cryptocoryne ta fi kowa ƙin tashi. Wadda aka fi samu, Cryptocoryne wendtii, 'yar asalin Siri Lanka, idan aka taɓa saiwarta ko yanayin ruwa ya sauya mata farat ɗaya, ganyenta kan narke cikin kwana biyu ko uku, ya zama yauƙi. Hanyar da na fi yarda da ita ita ce a ɗauke ta da ƙasarta. Ka fara haƙa ramin a sabon wurin, ka zagaye ta da almakashi kamar yadda aka bayyana, sannan ka zura babban cokali ko ludayi ƙarƙashinta, ka ɗauko dunƙulen gaba ɗaya, ka ja shi a cikin ruwa dab da ƙasa, ka ajiye a ramin. Ba ta fita daga ruwa ba, ba a wanke saiwarta ba. Duk da haka tana iya narkewa. In ta narke, ka zuƙe yauƙin kullum, ka soka tsinke a wurin don kada ka manta, kada kuma ka tono don dubawa. Gindinta yana nan da rai a ƙasa, kuma bayan makonni ƙananan ganye za su leƙo. Wasu sukan aske ganyen duka tun kafin dashe, su ce ai da ma zai narke. Ni ban ga dalilin yanke ganyen da bai nuna alamar ciwo ba, tunda kowane ɗaya da ya tsira yana ciyar da gindin.

Akwai kuma masu shimfiɗa ƙasar lambu a ƙasan akwati su rufe ta da yashi. A irin wannan akwati ba a ɗago saiwa ko kaɗan, domin za ta huda rufin yashin ta fito da laka, ruwan kuma ya yi kwanaki bai washe ba. Sai dai ka zura almakashi a kwance, santimita 2 ƙarƙashin wuya, ka datse duka saiwoyin, ka ɗauke kan kawai, ka zuba yashi a gurbin. Shukar za ta daɗe kafin ta murmure, kuma sai an danne ta da duwatsu sosai, amma akwatin zai tsira. Idan shukar tana da 'ya'ya, mafi sauƙi ma shi ne ka dasa ɗiya a sabon wurin, in ta kama sai ka datse uwar.

Vallisneria, mai dogon ganye siriri, yaɗo take yi, igiya ɗaya tana haɗa shuka goma a ƙarƙashin yashi. Ka yanke igiyar ta kowane gefe kafin ka ɗaga, in ba haka ba layin duka zai biyo ka. Bado, wanda ake sayar da jan nau'insa mai ɗigo-ɗigo don akwati, kuma ɗan gidan badon tafkunanmu ne, dunƙulen gindi gare shi. Ka yanke saiwa, ka ɗauki dunƙulen, ka ajiye shi rabinsa a waje. Masu dogon kara irin su Ludwigia da Hygrophila da Rotala ba su cancanci wahalar tono ba: ka yanke kan santimita 10 zuwa 15, ka zage ganyen ƙasa, ka soka a sabon wuri da dogon hantsaki, tsohon gindin ka datse shi daidai yashi. Kainuwa da sauran masu yawo a saman ruwa kuwa hannu kawai za ka sa.

Anubias tamu ce, daga rafukan dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya take, har da kudancin Najeriya da Kamaru. Anubias barteri sunan Charles Barter ta ci, mai tattara tsirrai da ya bi ayarin binciken Bature William Baikie a Kogin Neja, ya kuma rasu a garin Rabba da ke bakin kogin a 1859. Ita da Bolbitis da shukar da ake kira Java fern kwantaccen kara gare su kamar na citta, ganye ta sama, saiwa ta ƙasa, kuma a jikin dutse ko itace suke mannewa. Idan zai yiwu, ka ɗauki dutsen ko itacen gaba ɗaya ka sauya masa wuri, shi ke nan. In ba zai yiwu ba, ka zura reza tsakanin saiwa da itacen ka ɓamɓare a hankali. Saiwa in ta tsinke ba komai, karan ne ba a so ya ji rauni. A sabon wurin ka ɗaure shi da zaren ɗinki ko na fatsa, ba da matsi ba, ko ka ɗiga masa sufa gulu mai kauri ɗigo biyu a kan saiwa. Kada ka binne karan, ruɓewa zai yi. Kada kuma ka kai Anubias ƙarƙashin fitila kai tsaye. A hankali take girma, gansakuka za ta riga ta.

Makonnin da ke biye

Kwana ukun farko na kifi ne. Idan kana da kayan gwajin ruwa, ka auna amoniya da naitirait, wata gubar da bakteriya ke samarwa daga amoniya, kullum. Sifili ake so a duka biyun. In ka ga wani ya motsa, ka canza kashi 30 cikin ɗari na ruwan nan take. In ba ka da kayan gwaji, ka karanta kifin: taruwa a saman ruwa suna haki, maƙale fiffike a jiki, jan kumatu, ko ƙin motsi, duk alamu ne da ke cewa a canza ruwa a ƙara iska. Ko ba ka ga komai ba, canjin kashi 25 cikin ɗari a rana ta uku yana da amfani. Abinci ka ba su rabin abin da ka saba har mako ya cika. Idan ruwan ya yi fari-fari kamar hazo a rana ta biyu, bakteriya ce ta yi yawa saboda dattin da ya tashi. Takan lafa da kanta, sai dai tana shan oksijin, don haka famfon iska ya zauna a kunne.

Fitila ka rage ta zuwa awa 6 a rana na tsawon mako biyu, sannan ka riƙa ƙara rabin awa har ka koma yadda ka saba. Babbar mai cin abincin akwatin tana jinya, hasken da ba ta yi amfani da shi ba gansakuka ce za ta ci moriyarsa. Saboda wannan dalilin, kada ka ƙara takin ruwa da sunan taimaka mata.

Ganyen waje ɗaya ko biyu za su yi rawaya, su zama shara-shara. Wannan ba abin tsoro ba ne, shukar ce ke janye abincin da ke cikinsu tana gina saiwa. In ganye ya mutu sosai ka yanke shi. Tsakiya za ka riƙa kallo. Sabon ganye, ko da ƙarami ne kuma koɗaɗɗe, shaida ce cewa ta kama, kuma a Echinodorus yakan fito cikin mako biyu zuwa huɗu. Kada ka ja ta don ka ji ko saiwa ta riƙe, jan da kansa yana tsinka abin da kake son tabbatarwa. Duwatsun ma sai ka ga sabon ganye na biyu sannan ka ɗauke su.

Idan mako shida ya wuce babu sabon ganye, ka kai yatsa ka taɓa wuyan ba tare da ka tono ba. In yana da tauri, ka duba ko yashi ya gangaro ya rufe shi, ka share, ka ƙara mata lokaci. In ya yi laushi, yana marmashewa ko yana wari, ta mutu: ka sa tiyo a kusa, ka cire gindin duka kafin ya ɓata ruwa, ka zuƙe wurin sosai, ka bar gurbin ya huta mako biyu kafin ka dasa wata a cikinsa.